Hunturu a Tsibirin Malta

Ya kai ɗalibi, idan an ambaci hunturu, na san abin da yake zuwa maka a rai: ƙura, da hazo, da bushewar leɓe. Akwai ƙasar da hunturunta shi ne damunarta. Sunanta Malta, ƙaramar ƙasa ce ta tsibirai a tsakiyar Bahar Rum, kudu da tsibirin Sisili na Italiya. Faɗinta murabba'in kilomita 316 ne kacal. Da bazara rana takan ƙone ciyawarta, baƙi kuma su cika bakin teku. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan sama yakan sauka, filaye su yi kore shar, taro ya ragu. A ganina, wannan ne lokacin da ya fi dacewa da mai neman ilimi.

Ka fara da babban birnin ƙasar, Baleta. A shekarar 1565 rundunar Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta yi wa tsibirin ƙawanya har kusan wata huɗu, amma ba ta ci shi ba. A shekarar da ta biyo baya, wato 1566, aka aza harsashin wannan birni, aka kewaye shi da ganuwa mai kauri. Har yau ana harba igwa da tsakar rana daga saman ganuwar. Da sanyi, ɗan jagora yana da sukunin tsayawa ya amsa tambayarka, domin babu cincirindon da yake tura shi gaba.

Daga nan sai ka hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Gozo, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. A can ne haikalin Jigantiya yake, wanda aka gina wajen shekara 3600 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya girmi dalar Masar. Mutanen da suka ɗora waɗannan manyan duwatsu ba su san ƙarfe ba, ba su kuma bar rubutu ba. Duk da haka sun san tafiyar rana sarai. A wani haikalin mai suna Imnaidra, wajen 21 ga Disamba, ranar da dare ya fi tsawo, hasken hantsi yakan shiga ta ƙofa ya sauka a gefen wani dutse na musamman. Akan shirya ziyara da sassafe don ganin wannan.

Akwai kuma wani makwanci na ƙarƙashin ƙasa a unguwar Hal Safliyeni, wanda magina suka gano a 1902. Mutum goma kaɗai ake bari su shiga a lokaci guda, domin numfashin jama'a yana lalata zanen jar ƙasa da yake jikin bangon. Ka lura da wannan: yawan masu son abu yana iya zama ajalinsa. Shi ya sa ake sayen tikiti tun da sauran makonni.

Ni malamin harshe ne, don haka abin da ya fi kama hankalina a kunne na same shi. A tsohon birnin Imdina, inda aka taƙaita shigar motoci, jagorarmu ta lissafa mana ranakun mako da harshensu: It-Tnejn, It-Tlieta, L-Erbgħa, Il-Ħamis, Il-Ġimgħa, Is-Sibt, Il-Ħadd. Karanta su da ƙarfi, sannan ka faɗi namu: Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi. Ka ji kamar? Na ce mata, "Malama, ai mu ma haka muke faɗa." Ta yi mamaki ƙwarai.

Dalilin yana cikin tarihi. Larabawa sun ci Malta a shekarar 870, suka mulke ta har 1091. Daga Larabcinsu harshen Malta ya tsiro, daga baya ya ari kalmomi masu yawa daga Italiyanci da Ingilishi. Hausa kuwa ba daga Larabci ta fito ba. Aron kalmomin ta yi ta hanyar addini, da karatu, da fataucin Sahara. Mafi yawan mutanen Malta Kiristoci ne, amma a cocinsu Alla suke kiran Ubangiji, azuminsu na kwana arba'in kuma Randan, daga kalmar Ramadan.

Ƙasashe da dama sun mulki wannan tsibiri, na ƙarshe Ingila, wadda ta ba shi 'yanci a 1964. Mutanensa ba su wuce na wata babbar ƙaramar hukuma a Nijeriya ba, amma ba su yar da harshensu ba. A yau yana cikin harsunan aiki na Tarayyar Turai.

Kai da kake koyon Hausa a kan harshenka na gida, ka riƙe su duka biyu. Idan ka haɗu da sabuwar kalma, ka tambaye ta inda ta fito, kamar yadda baƙo yake tambayar ɗan jagora a gaban tsohon gini. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.