Rigimar bindigar yaro a Tamale

Daga Kumasi mota ta bi da mu ta Techiman da Kintampo, muka haye Baƙin Bolta a Buipe, Farin Bolta kuma a Yapei. Kurmi ya ja da baya, kaɗanya da ɗorawa suka karɓi hanya. Hunturu ne, gefen titi duk baƙin toka inda aka banka wa daji wuta. Tamale kuwa garin babura ne, har mata da goyo suna keta kasuwa a kansu ba mai waiwayarsu. A Zango na sauka, gidan wani aminin mahaifina mai sayar da hatsi a kasuwar Aboabo, jikan fataken goro da suka biyo hanyar Gwanja. Ƙasar Dagomba ce, amma Hausa ta ishe ka ciniki.

Na tarar da ƙaramar rigima a gidan. Jikan Alhaji mai gidan, ɗan shekara 14, ya shiga ƙungiyar fareti ta makarantarsu, sai kawunsa da ke Amurka ya yi masa alkawarin bindigar koyon harbi. Har ya turo hotuna ta WhatsApp: Ruger 10/22, Savage Rascal, CZ 457, kowace da madubin hangen nesa ɗaure a gadon bayanta. Yaro ya haddace sunayen tsaf. Bayan tuwon dare Alhaji ya miƙo mini wayar.

"Kai da ka zauna ƙasar Turawa, duba mini wannan shirme."

"Baba, ba duka ne shirme ba," na ce.

Dukansu ƙaramin harsashin nan .22 suke ci, wanda aka fito da shi a Amurka a 1887. Sinadarin da ke tayar da albarushinsa a leɓen gindin kwanson yake, allurar bindiga ta daki leɓen sai ya tashi. Dole kwanson ya zama marar kauri kafin ya daku, don haka ba a cika masa albarushi mai ƙarfi. Ba ya dukan kafaɗa, ƙararsa kaɗan ce, kuma a can yana da araha ƙwarai. Amfaninsa ga mai koyo ke nan. Yaron da bindiga ta taɓa naushi a kafaɗa, gobe tun kafin ya ja kunama zai runtse ido ya fizge hannu, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar fita. Da irin wannan harsashi ake gasar harbin mita 50 a wasannin Olamfik.

Da a can ne aka ce in zaɓa, ba zan ɗauki Ruger ɗin ba. Tana cin harsashi goma, tana ɗura wa kanta bayan kowane harbi, yaro sai ya mai da abin wasan wuta. Gara mai cin ɗaya, wadda sai ka buɗe da hannu, ka zare kwanso, ka sa wani, babba na tsaye yana ganin kowane motsi. A duba tsawon ƙotar, kada ta fi hannun yaron. Madubi kuwa, wanda ke kusanto da abu ninki huɗu ya wadatar. Manyan nan masu arha da ake tallarsu da lambobi barkatai, saitinsu gocewa yake yi, kuma ni a ganina yaro ya fara iya daidaita ƙarfen saitin gaba da na baya kafin a ba shi gilashi. Ƙanƙantarsa kuma kada ta ruɗi kowa: harsashin yana tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, ga ƙasar Tamale shimfiɗe kamar faifai, ba tudun da zai tare shi.

Alhaji ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To, a ina za a harba ta? Wa zai sayar mana da harsashin?"

Nan ya fi ni gaskiya. A Gana bindiga sai da lasisin 'yan sanda, ana sabunta shi duk shekara, kuma ba a ba yaro. Ba kaya ba ce da za a cusa cikin akwatin tsaraba. Shigo da ita sai da izinin gwamnati. Abin da manoma da mafarauta suka sani a arewa shi ne doguwa mai baki ɗaya da harsashinta mai ƙwayoyi, wanda suke kira AA da BB. Bindigar da aka yi ta don a yi ta harbi ɗari-ɗari saboda arahar harsashi, in harsashin ya yi wuyar samu, amfaninta ya tafi. Akwai kuma abin da dattijo ba ya son faɗa a gaban yara. Yaƙin 1994 tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagomba da Gwanjawa, wanda ya faro daga gardamar zabo a kasuwa, ya ci rayuka masu yawa, kuma a Maris 2002 aka kashe sarkin Dagomba, Ya Na Yakubu Andani na biyu, a Yendi. Sai a Janairun 2019 aka naɗa sabon Ya Na. Wanda ya ga waɗannan ba ya jin kalmar bindiga da kunnen ɗan wasa. Tun 2007 ma akwai hukuma ta musamman a ƙasar mai sa ido kan ƙananan makamai.

Duk da haka ƙarar bindiga ba baƙuwa ba ce a garin. Rani ne lokacin da Dagomba ke manyan bukukuwan mutuwa, aka kai ni na wani basarake a bayan gari. Can na ga Kambonsi, 'yan bindigar sarki, cikin riguna masu layu, suna tafe da gangunansu. Na matsa kusa da wani ina kallon yadda yake ɗuri. Ya tsai da adakar a ƙasa, ya zuba albarushi a tafin hannu ya auna da ido, ya tuttula a bakinta, ya cusa tsumma, ya danna da siririn ƙarfe. Babu dalma. Bai kai ta kafaɗa ba, riƙe ta ya yi nesa da jiki, ya kau da fuska. Da ta tashi sai da ƙasa ta amsa, farin hayaƙi ya rufe mu, warin ƙibiritu ya cika hanci. A bayansa akwai yaro sa'an jikan Alhaji, rataye da jaka, idonsa a kan hannun uban. An ce mini haka zai yi ta bi shekara da shekaru, a bikin Damba da wuraren makoki, kafin a bar shi ya ɗura da kansa. Wannan ba harbin bara ba ne, ba wanda ke saitin komai, kuma in aka cika albarushi bututu kan fashe ya tafi da yatsu. Amma tsarin koyon ya burge ni: ɗaukar jaka tukuna, sannan kallo, bindiga daga ƙarshe.

Wani maƙeri da muka biya wa gyaran awartaki ya ce doka ta yarda a gyara bindiga mai lasisi, ba ta yarda a ƙera sabuwa ba, sai ya ci gaba da dukan bakin fartanya bai ƙara ko kalma ba. Da asuba kuma manyan motoci kan fita gari maƙil da mafarauta da karnuka, tunda hanin farauta na 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba ya wuce. Yaran cikinsu kulake da danƙo ne a hannunsu, zomo da gafiya suke bi. Ba na yabon wannan farauta, don wutar da ake sa wa daji ta fi naman da ake samu ɓarna.

Shawarar da na bayar ita ce, in kawun na son alheri, ya nemi shugabannin makarantar su yi magana da hukuma a kan bindigar iska, mai harba 'yar dalma milimita 4.5 a tazarar mita 10. Ita ma gasar Olamfik ce. Zaure mai tsawo da katanga mai kauri sun isa, makami na kulle a makaranta, malami na tsaye, yara da yawa su amfana. Garin da ke da barikin Kamina ba zai rasa tsohon soja mai haƙurin koyarwa ba. Alhaji ya ce zai faɗa masa, amma a fara da kuɗin makarantar zango mai zuwa.

Kafin in bar yankin na shiga motar Yendi, kimanin kilomita 100 gabas da Tamale, na wuce kudu kaɗan zuwa Adibo. Nan ne a ranar 4 ga Disamba 1896 rundunar Dagomba mai dubban mayaƙa ta tari ƙaramar rundunar Jamusawa ƙarƙashin Valentin von Massow. Adakar Kambonsi sai an matso kusa take ci, kuma kowane harbi sai an tsaya sabon ɗuri. Bindigogin Jamusawa suna kaiwa nesa, ana ɗura su ta baya cikin ƙiftawar ido. Shugaban Kambonsi, Ziblim, a filin ya faɗi tare da mutanensa da yawa, Jamusawa suka wuce Yendi suka sa mata wuta.