'Yar Gala-gala Ta Share Mini Hawaye

Ni dai a aji huɗu na bar makaranta, kuma ba komai ya kore ni ba sai lissafi da bulalar da ke biye da shi. Shi ya sa ranar da 'yata ta fari ta kawo sakamako da jan biro a lissafi, sai da gabana ya faɗi.

Ana cikin haka aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda cutar korona. Babansu ya ɗauki aikin koyarwa da kansa. Kullum bayan la'asar sai tabarma da littafi da tsawa. Da ya ce "bakwai sau shida" sai yarinya ta fara rawar jiki. Wata rana na jiyo Hajiya surukata tana cewa, "Ƙyale ta, ƙwaƙwalwar uwarta ta ɗauko." Wallahi daren nan ban runtsa ba.

Washegari ina tsince shinkafa na ga yarinyar tana 'yar carafke da ƙannenta, tana ƙirga duwatsu ba kuskure ko ɗaya. Na ce a raina, ashe ba lissafin take tsoro ba, zaman tabarmar ne.

Na ɗauko gawayi na zana gala-gala a tsakar gida, gida goma. Na rubuta 3, 6, 9 har zuwa 30. Doka ɗaya ce: duk gidan da ka dira da ƙafa ɗaya sai ka faɗi lambarsa, in ka kuskure ka koma farko. Bayan kwana biyu na goge lambobin, ta ci gaba da faɗa da ka. Muka koma na huɗu, har muka kai na tara. A tsallen igiya kuwa da biyar-biyar ake ƙirge. Rabawa ma da duwatsun carafke muka koya: 25 a raba wa mutum huɗu, kowa ya samu shida, saura ɗaya. Auta ya ce ɗayan nan nasa ne, aka yi ta dariya.

Ba zan ɓoye muku ba, nima a nan na haddace na bakwai da na takwas, ina tsalle da zane ɗaure a ƙirji.

Ran nan babansu ya dawo daga masallaci, ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Bakwai sau shida?" Tana kan ƙafa ɗaya ta ce, "Arba'in da biyu, Baba." Ya dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai. Hajiya da ke alwala ba ta ce uffan ba.

'Yar uwa, kafin ki yarda a kira ɗanki daƙiƙi, tashe shi daga tabarma ki ba shi gawayi ki gani. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.