Asabar a Maƙera

Kakana maƙeri ne, mahaifina akawu, ni kuma malamin makaranta. Da haka masaba ta fita daga gidanmu ba tare da kowa ya zauna ya yi shawarar korarta ba. Abin da ya rage mana shi ne wani tsohon awartaki da mahaifiyata take ɗaukar garwashi da shi. Wata rana cikin 2018 ɗana ya ɗauko shi ya tambaye ni yadda kakan nawa yake aiki da shi, na yi tsuru-tsuru. A daren nan na ƙudura cewa sai mun koyi ƙira, ni da shi, ko da ƙugiya ce mu iya lanƙwasawa.

Na fara ta inda ɗan boko zai fara, wato wata makarantar koyon sana'a. Aka ce walda suke koyarwa, kuma sai na kawo takardu. Na gangara wajen maƙeran cikin birni, suka karɓe ni da fara'a, amma da suka ji buƙatata sai wani dattijo ya ce, "Malam, ƙira ai gado ce, ba a yi mata aji." Ban ga laifinsa ba. A Kano muke, garin da tarihin baka ya ce maƙeran Gaya, Abagayawa, sun zo gindin Dala neman tama, masu tonon tarihi kuma suka gano alamun narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Sana'ar da ta yi wannan daɗewa tana bin jini, ta ina za ta yarda da rajista da allo?

Sai bayan wata huɗu na dace, a kasuwar wani ƙauye, wurin wani tsoho mai sayar da lauje da ruwan fartanya. 'Ya'yansa uku duk sun tafi birni haya da babur. Da na ambaci unguwar kakana ya daɗe yana kallon hannuwana, sannan ya ce in zo ranar Asabar.

Kafin Asabar ɗin magana ta bazu a makarantarmu, muka zama mu tara: malamai biyu, ɗalibai shida, da direban da zai kai mu. Ni da rawar kaina har na tsara jadawali, mako na farko kaza, na biyu kaza, na kuma yanka kuɗin wata. Baba ya sa aka karanta masa takardar, ya ninke ta ya tura ƙarƙashin tabarma. Kuɗin makaranta dai ba zai karɓa ba. Sharaɗinsa shi ne mu zo da gawayinmu, na ƙirya in da hali don ya fi riƙe wuta, mu nemo tsohon sifirin mota, kuma kada wanda ya taɓa masaba sai ya ce.

Asabar uku muka yi muna zuga. Mai karatu zai ɗauka wasa ne, to ya gwada zama a ƙasa yana danna zugazugin fatar akuya, hannu ɗaya na sauka ɗaya na tashi, iska ba ta yanke ba. A nan mutum uku suka gudu, har da abokin aikina. Ni ma na fara zargin tsohon nan ya sami 'yan ƙwadago ne a ɓagas. Ashe ido yake koya mana. Mai zuga shi ne yake kallon ƙarfe yana tashi daga baƙi zuwa ja, daga ja zuwa ruwan ɗorawa, ya kuma gane cewa in ya fara tartsatsi to ya ƙone. Duk wannan babu shi a jadawalina.

Ranar da aka ba mu masaba, ɗana ya kai hannu kan wani guntun ƙarfe da ya riga ya yi baƙi, yana zaton ya huce. Yatsu biyu suka tashi. Uwarsa ta ce an gama, ita ba ta haifi maƙeri ba. Mako biyu ina lallashi, kuma gaskiya ba ni na shawo kanta ba, yaron ne da kansa ya ce zai koma.

Mu huɗu muka kai ƙarshen rani. Direban nan ya fi mu duka hannu, har Baba ya bar shi ya tsoma bakin lauje a ruwa da kansa, aikin da in aka kuskure ƙarfen ya tsage. Fartanyar da na ƙera kuwa karkatacciya ce, kunya ta hana ni sa mata ƙota.

A Asabar ta ƙarshe kafin damina, lokacin da manoma suke cika maƙera har babu wurin 'yan koyo, na kai wa Baba awartakin kakana. Ya jujjuya shi, ya ce ƙusar tsakiya ce ta saki. Ya miƙa wa ɗana, ya dube ni ya ce, "Malam, koma kan zuga."