Ranar da kwamfuta ta sauke ni ɗakin baƙi

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Ina zaune a Tasawa, cikin jihar Maraɗi, ina karantar da manya a ƙauyuka biyu kusa da gari. Yau ba darasi na kawo maku ba. Labarin wani tsoro ne da na ji a watan Afrilu na 2024.

Ina da kwamfuta a gida, wadda mu nan muka fi kira ordinatar. Irin mai naɗewa ce kamar littafi. A Maraɗi na saye ta, kuma ba sabuwa ba ce. Batirinta ya daɗe da mutuwa. Sai an soka ta ga kuran take aiki. In kuran ya ɗauke, sai ta mutu nan take, kamar an hure fitila. Na sha cewa zan sayi sabon batiri. Kullum sai wata buƙata ta riga shi.

Me ke cikinta? Sunayen ɗalibaina na shekara uku, da sakamakon jarrabawarsu. Akwai wasiƙu da labarai da suka rubuta da hannunsu, na buga su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma muryar wata tsohuwa. Ita ba ta shiga aji ba, ɗiyarta ce ɗalibata. Wata rana bayan karatu ta zauna ta ba mu labarin yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari. Ta faɗi yadda suka ci ganye da dussa, da yadda maza suka watse neman abinci. Na ɗauki muryarta a waya, kusan minti 40. Da wayar ta cika, na juye muryar cikin kwamfuta, na goge ta waya. Damina na faɗuwa tsohuwar ta rasu. Allah ya jiƙanta. Na yi ma ɗiyarta alkawari: ranar rufe aji za ta ji muryar innarta.

Kun san karatunmu na rani ne. Kafin ruwa ya sauka ake rufewa, kowa ya koma gona. Saura kwana 12 a rufe, kuma sufeto yana jiran rahotona.

Wani dare na gama aiki, na danna wurin kashewa. Na'ura ta fara rufe kanta. Ba ta ida ba, kuran ya ɗauke. Ban damu ba, don ba yau aka fara ba. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida saboda zafi, na yi barcina.

Da safe kuran ya dawo. Na kunna, na buga kalmar sirrina, ta karɓa. Amma abin da ya fito a allo ba nawa ba ne. Hoton ɗiyata da na saka ya ɓace. Takardun da na jera a fuskar allo babu ko ɗaya. Na buɗe wurin ajiyar takardu, fayau. Na buɗe wurin murya, fayau. Kamar ka dawo daga kasuwa, ka buɗe ƙofarka da makullinka, ka tarar da ɗaki an share, ko tsintsiya ba a bar maka ba.

A nan na yi abin kunya, kuma gara in faɗa maku da bakina. Wani ɗan rubutu ya fito a kusurwar allo, da Faransanci. Na iya Faransanci, da shi na yi makarantar horon malamai. Amma ban karanta ba. Na danna, na rufe shi, don hankalina yana wurin kayana. Ni ne fa kullum nake ce maku kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takarda sai kun karanta ta har ƙasa.

Na ce to, abin da ya tafi ya tafi. Sunayen bana suna cikin kaye. Na zauna daga isha'i har tsakar dare ina sake buga su, mutum 53, kowa da ƙauyensa da makinsa. Na adana, na kashe na'ura. Washegari na kunna, babu su. Na sake bugawa dare na biyu. Da safe babu.

Sai zuciya ta ɗebe ni. Ƙanena yana zaune wurina, yana karatu a kwaleji, kuma wani lokaci yakan taɓa na'urar. Na tsare shi a zaure.

"Kai ka goge mani aiki."

"Wallahi Yaya, sati biyu ban taɓa ta ba."

"In ba kai ba, aljani ne?"

Ya yi shiru, ya fita bai karya kumallo ba.

Akwai wani yaro a bakin tasha mai tura waƙoƙi cikin wayoyi. Na kai mashi. Ya duba bai fi minti biyu ba, ya ce cuta ce ta shige ta, sai an yi mata formate. Formate shi ne a wanke cikin na'ura kaf, a sake zuba mata tsari sabo. Ya ce jikka ɗaya ne, in dawo da la'asar. Saura kaɗan in bar mashi ita. Abin da ya hana ni, ba ni da kuɗin a aljihu. Na koma gida ɗauko su, na ba uwar ɗiyata labari. Tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce: "Malam, in akuya ta ɓace, garken ake rushewa ko nemanta ake fita?" Na mayar da kuɗin inda na ɗauko su.

Kwana biyu bayan haka na shiga mota zuwa Maraɗi. Wani abokin aikina ya kwatanta mani shagon wani saurayi mai gyara. Shagon ƙarami ne, ƙura ko'ina, amma saurayin ba shi da gaggawa. Ya kunna, ɗan rubutun nan ya sake fitowa. Ya juyo mani allo ya ce: "Mushe, karanta." Na karanta. Rubutun yana cewa an shigar da ni da "profil temporaire", wato mazauni na wucin gadi, kuma duk abin da na ajiye a ciki za a goge shi in na fita. Dare biyu na yi ina zuba ruwa a rariya, alhali an rubuta mani a gabana.

Ga bayanin da ya yi mani. Zan faɗa maku da tawa Hausar.

Ku ɗauki kwamfuta kamar babban gida. Tsarin da ke tafiyar da ita, wanda a tawa ake kira Windows 10, shi ne mai gida. Duk mai amfani da ita yana da ɗakinsa. Kalmar sirri ita ce makulli. A ɗakin ne takardunka da hotunanka da muryoyinka suke. A kowane ɗaki kuma akwai wata ɓoyayyar takarda, sunanta NTUSER.DAT. Ba ta nuna kanta sai an nemo ta. A cikinta aka rubuta yadda kake son ɗakinka: wane hoto ne a allo, da wane harshe kake rubutu, me ka saba buɗewa. Na'ura tana yawan gyara wannan takarda, musamman lokacin da kake fita. In wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, takardar tana iya lalacewa.

To da safe ka zo da makullinka. Mai gida ya gane ka, amma ya kasa karanta takardar ɗakinka. Ba zai bar ka a waje ba. Sai ya sauke ka ɗakin baƙi. Ɗakin baƙi kuwa kun san halinsa: baƙo na tafiya ake share shi. Ɗakinka yana nan a bayan gida, da kayanka duka. Hanyar zuwa ce kaɗai ta rikice.

Saurayin ya buɗe babban ma'ajin na'ura, wanda ake sa ma harafin C. A ciki akwai wani dosiye mai suna Utilisateurs, wato masu amfani. Ya buɗe shi. Na ga dosiye ɗaya an rubuta TEMP, shi ne ɗakin baƙi. Kusa da shi na ga sunana. Ya ce in danna da kaina. Hannuna yana rawa na danna. Ga sunayen ɗalibai na shekara uku. Ga wasiƙu. Ga muryar tsohuwa, da ranar da na juye ta. Na ce ya dakata. Na fita ƙofar shago na tsaya kaɗan, ina kallon ƴan kabu-kabu suna wucewa.

Da na dawo na ce ya gyara mani ɗakin. Ya ce a'a, ba gyara ake fara yi ba. Ya aiki yaronsa ya sayo mani kile, ɗan ƙaramin ma'ajin nan da ake sokawa a gefen na'ura. Muka kwafe kayana duka a ciki. Muka zare shi, muka soka a tasa na'urar, muka buɗe muryar don mu tabbata ta kwafu. Sannan ya taɓa tawa. A ganina wannan ne ya bambanta shi da yaron tasha, ba yawan ilimi ba.

Ya ce wani lokaci takardar ba ta lalace ba, wani abu ne ya riƙe ta lokacin da ake son karanta ta. In haka ne, kashewa da kunnawa sau biyu ko uku yakan isa. Ni na riga na yi haka kwana da kwanaki, bai yi ba. Sai ya buɗe babban rajistan na'ura, inda aka jera masu ɗakuna, kowa da doguwar lambarsa. Lambata ta fito sau biyu. Ɗaya tana nuna ɗakin baƙi, ɗaya kuma an liƙa mata "bak" a wutsiya, ita ce mai nuna ɗakina na gaskiya. Ya gyara sunayen, muka kunna. Ba ta yi ba, don takardar tawa ta lalace da gaske. Ya gargaɗe ni kada in shiga wannan rajista ni kaɗai. Kuskure ɗaya yana iya hana na'ura tashi. Ni ma haka nake ce maku.

Sai muka bi hanya ta biyu, wadda ta fi sauƙi. Ya buɗe mani sabon ɗaki, da sabon suna da sabuwar kalmar sirri. Muka kwaso takardu da hotuna da muryoyi daga tsohon ɗaki zuwa sabo. Lalatacciyar takardar nan kaɗai muka bari, don in ka kwaso ta ka kwaso ciwon. Ya kuma buɗe wani ɗaki na daban mai ikon shugaba, ya ce in rubuta kalmar sirrinsa a kaye in ɓoye. Ran da nawa ya sake ƙi, ta nan za a shiga a yi gyara.

Ba kome ne ya dawo ba. Aikin dare biyu ya tafi, ba a samo shi ba. Hoton ɗiyata na sake sakawa. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Madannan na'urar na Faransanci ne, ba su da waɗannan haruffa. Tun shekarar farko na koya mata yadda za ta fito da su. Wannan koyarwa tana cikin shirin tsohon ɗaki, ba ta biyo ni ba. Na yi yamma guda ina sake shirya su. Ba ƙaramin abu ba ne. Ku da kuka sha fama da su a allo kun san bari daban, ɓari daban.

Na biya shi jikka biyu, kile jikka uku, ga kuɗin mota zuwa da dawowa. Da na haɗa lissafi a hanya, sai na ga da tun farko na tara su na ƙara kaɗan, da na sayi batirin.

Na san yawancinku ba ku da kwamfuta, kuma wani zai ce ina ruwansa. Amma sunanka yana cikin wata. Sakataren ƙungiyar mata yana da ita, ko mai riƙe lissafin bankin cimaka, ko ɗanka da ke karatu a birni. Ran da ɗayansu ya zo maku ido jajur ya ce kome ya ɓace, ku tambaye shi abu uku. Ya karanta abin da aka rubuta a allo? Ya leƙa dosiyen da ke da sunansa? An kwafe kayan a wani wuri kafin a taɓa na'urar? In bai yi ba, kada ku yarda a yi formate. Wayarku ma haka take. In mai gyara ya ce zai wanke ta, ku fara cire katin ajiya, ku tambayi inda lambobinku da hotunanku za su kwana.

Da na iso gida na tarar da ƙanena a zaure yana bitar darasi. Na zauna kusa da shi na ce: "Na zarge ka a banza. Ka yafe mani." Ya ce: "Ba kome, Yaya." Amma sai da ya sa na ba shi labarin ɗan rubutun da ban karanta ba har sau biyu, yana dariya. Yanzu shi ke tuna mani kowace Juma'a in kwafe aiki cikin kile. Kilen yana cikin kwanon uwar ɗiyata, ƙarƙashin gado, tare da takardun haihuwar yara.

Rahoto ya isa wurin sufeto saura kwana uku. Ranar rufe aji na juye muryar cikin waya, na ari ƴar lasifika, muka zauna gindin bedi bayan la'asar. Na kunna. Tsohuwa ta yi gyaran murya, ta fara. Ɗiyarta ta ja gyale ta rufe fuska. Ba wanda ya yi magana har aka kai inda tsohuwar ta tsaya tsakiyar labari ta kori wata akuya da ke son cin kayen wani. Nan aji ya fashe da dariya, har da ɗiyar. Da aka gama ta matso ta ce: "Malam, a sa mani ita a wayar ɗana." Na sa mata. Wasu mata biyu ƴan'uwanta suka miƙo tasu, na sa masu su ma.