Minshari Ba Abin Ɓoyewa Ba Ne

Da aka sa mana ranar aikin gwaiwa a asibiti, likita mai ba da maganin barci ya tambaye mu ko muna minshari. Kunya ta sa muka ce a'a. Sai uwargida ta ce, "Likita, Alhaji yana yi, har numfashinsa kan ɗauke, sa'an nan ya farka a firgice."

Ashe abin da muka raina cuta ce. Maƙogwaro kan toshe cikin barci, numfashi ya tsaya sakan 10 ko fiye, sau da yawa a dare guda. Dalilin gyangyaɗinmu a kanti ke nan. Maganin barci da na kashe zafi masu ƙarfi kuwa suna ƙara danne numfashi. Saboda haka aka yi mana allurar gadon baya mai kashe rabin jiki, aka ɗaga kan gadonmu, aka lura da numfashinmu har asuba.

Rai amana ne, tawakkali kuma bai hana faɗa wa likita gaskiya ba. Mai ƙiba, da mai hawan jini, da wanda ya haura shekara 50, su tambayi iyalinsu kafin ranar aiki. Allah Ya ba mu lafiya, amin.