Gwangwanin Mahaifina

Sa'ad da mahaifina ya rasu, cikin abin da ya faɗo rabona har da wani tsohon gwangwanin madara, cike da kuɗin dā: kwabbai da aninai, duk masu huji a tsakiya. Na tura shi ƙarƙashin gado, na manta da shi.

Bara, daidai lokacin da kuɗin makarantar ɗana na fari ya sha mini kai, sai ga yaron da waya a hannu, yana haki. Ya ce, "Baba, an ce akwai tsohon kwabon da aka yi kuskure wajen buga shi, Turawa suna sayensa da tsada. Ina gwangwanin Kaka?" Da ma na shirya kai akuya kasuwa a makon nan. Na ce a bar ta tukuna.

Ya mai karatu, wataƙila akwai irin gwangwanin nan a gidanku, don haka bari in faɗa maka abin da muka koya. Irin kuɗin nan su aka yi ta kashewa a Nijeriya, da Gana, da Saliyo, da Gambiya a zamanin Turawa. Gefe ɗaya akwai kambi da sunan sarkin Ingila, ɗaya gefen kuma tauraro mai tsini shida da shekarar bugu. Ba a maƙera ɗaya aka buga su duka ba. Wanda ke da ɗan ƙaramin harafin H, ko KN, aikin maƙeru biyu ne na birnin Birmingham. Wanda ba shi da harafi, galibi daga maƙerar gwamnati ta Landan ya fito. Kwabbai biyu na shekara ɗaya, harafin nan kaɗai yakan raba darajarsu.

Wanda muka fi nema shi ne jan kwabo na 1956 mai sunan Sarki Joji na 6. Sarkin nan ya mutu tun 1952, 'yarsa ce ke sarauta. Masu bugu ne suka haɗa tsohon hatimi da sabo. Masu tara kuɗi suna kiran irinsa alfadari, wato uwa dabam, uba dabam. Sunan nan ya ba ni dariya ƙwarai.

Kowane dare, bayan tuwo, sai mu shimfiɗa tabarma, mu kunna tocila, mu karɓi tabarau na uwargida. Mun yi mako 3 muna haka. Kwabban 1956 guda 4 muka samu. Muka juya su, muka sāke juyawa, duka sunan Sarauniya ne.

Amma wani dare yaron ya yi ihu. Ya sami mai sunan Sarki Edward na 8, wanda ya hau gadon sarauta a Janairun 1936, ya sauka a Disamba. A Ingila kanta kuɗi mai sunansa bai shiga hannun jama'a ba, amma a ƙasashenmu ya shiga. Kafin mu kwanta mun tara 7. Daren nan ban yi barci ba. Na biya kuɗin makaranta a zuci, har na sauya kwanon ɗaki.

Da safe ƙanwarsa, don ta taimake mu, ta goge su tas da toka da lemun tsami. Suka yi ƙyalli, har na sa mata albarka.

Na biya kuɗin mota na kai su birni wurin wani dattijo mai sayar da kayan dā. Ya duba, ya yi murmushi. Ya ce, "Malam, waɗannan an buga su da yawa, ba wuyar samu gare su ba. Kuma wa ya wanke su? Mai saye ba ya son wankakke." Abin da ya taya bai kai kuɗin motata ba. Na kwashe abina na dawo. Ran kasuwa akuya ta tafi, sai da na ƙara da tarar jinkiri a makaranta.

To, binciken nan yana da riba? In don kuɗi ne, ni dai na ce babu. Abin da ya sa alfadari ke da tsada shi ne ƙarancinsa, ƙarancin nan kuwa shi ne zai hana ka samunsa. Gwangwani ɗaya ba wurin farautarsa ba ne. Ko ka samu, sai ka sami masanin da zai tabbatar, da mai saye na gaskiya.

Duk da haka ban mai da gwangwanin ƙarƙashin gado ba. A dararen nan mahaifiyata, wadda takan kwanta da wuri, ta riƙa fitowa tana zama a bakin tabarma. Ita ta koya wa jikokinta cewa anini 10 ne kwabo, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Ta ba su labarin ruɗewar da aka yi a kasuwa da naira ta shigo a 1973. Ita ce kuma ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba: mahaifina ya fara tara kwabban nan ne tun yana saurayi, don ya sayi keke ya riƙa zuwa zance garinsu. Kafin su isa, aka ba shi ita.

Yanzu mun tsira su a zare, kowane sarki da nasa. Saura 9 da shekararsu ta goge. Yaron ya ce in ya dawo hutu zai zo da gilashin ƙara girma daga makaranta.