Kalmar Da Ba Ta Jira

Akwai wata kalmar Turanci da na sha wuya kafin in san nauyinta. Kalmar ita ce "immediately".

Ina aji biyu na sakandare ƙanwata ta kamu da zazzaɓi mai zafi. Mahaifiyarmu ta kai ta ƙaramin asibiti. Da yake ba ta jin Turanci, ma'aikacin kuma ba ya jin Hausa, sai ya rubuta mata takarda. Da yamma mahaifinmu ya miƙa mini takardar in karanta. Na ce, "Baba, an ce a kai ta babban asibiti ba da daɗewa ba." Ya ce, "To, Allah ya kai mu gobe."

Cikin dare jikinta ya tsananta, muka yi ta neman mota a duhu. Allah ya sa tana da sauran kwana. Amma na san fassarata ce ta jawo jinkirin, domin abin da aka rubuta shi ne "immediately".

Daga baya na binciki kalmar. Asalinta daga harshen Latin ne. "In" na nufin babu, "medius" kuma tsakiya. Ma'anarta ke nan: babu komai a tsakani. Tsakanin umarni da aiki ba a cin abinci, ba a barci. Dubi yadda Hausa ta faɗi wannan: "nan da nan". Wuri ɗaya aka ambata sau biyu, babu tazara. Haka nan ana cewa "nan take" ko "yanzu-yanzu".

'Yan Nijeriya sun ji ƙarfin kalmar a 1975, zamanin Janar Murtala Muhammad, lokacin da aka riƙa sallamar ma'aikata "with immediate effect", wato ba tare da ɓata lokaci ba.

Sai dai irin waɗannan kalmomi sukan dushe a bakin mutane. A tsohon Turanci, "soon" tana nufin nan take. Yau tana nufin an jima. Mu ma mukan ce "ina zuwa", alhali tafiya muke yi.

Saboda haka, idan aka ba ka takarda ka fassara, kada ka rage wa kalma nauyi. Idan ba ka tabbata ba, ka tambaya. Wata rana ran wani yana rataye a kan kalma ɗaya.